Takwaran Dajin Gwaggo Gunvor

Rani biyu aka yi a jere babu ruwan kirki a Småland, can kudancin Sweden, inda ake samun ruwa ko da rani. A na uku ƙwaron ɓawo ya shiga dajin Gwaggo Gunvor ya gama da shi. Itatuwan gran ɗin da mahaifinta ya dasa, dogayen nan masu ganye kamar allura, suka yi ja tun daga sama, injin sara ya zo ya kwashe su, aka bar mata tudu guda na kututture da duwatsu. A dokar ƙasar, wanda ya sare dole ya dasa. Masu rainon dashe kuma sun ce duk wanda bai faɗi abin da yake so ba kafin kaka ta fita, sai baɗi. Ita ba za ta ga girman abin da za ta dasa ba. Jikarta Tuva ce za ta gāji tudun, da daji ko da ƙaya.

Shi ya sa ta kira Sixten, ɗan ƙanenta. Aikinsa ke nan a Växjö. Yana wuni gaban kwamfuta yana tace alƙaluman zafi da ruwan sama na shekaru masu zuwa, kamfanin da yake wa aiki yana ba ƙananan hukumomi da masu daji shawara. Ya zo ranar Asabar. Ta ture farantin burodin kirfa gefe ta ba shi wuri a teburin kicin.

Ya nuna mata taswira uku. Ta farko idan duniya ta rage hayaƙi sosai, ta biyu idan ta rage kaɗan, ta uku idan ta ci gaba yadda take. Haka ake yi a ofishinsu. Ka jera wa mutum hanyoyi uku, ka faɗi abin da ke bakin kowace, ka kama bakinka. Shugabar sashensu ta sha gaya musu cewa itace sai ya shekara tamanin yake nuna ko an yi daidai, don haka mai shawarar da ya ce "dasa kaza" ya ɗauki kayan da ba zai rayu ya sauke ba.

"To, me zan dasa?" in ji Gwaggo Gunvor.

"Ya danganta, Gwaggo."

"Da me?"

"Da wacce taswirar ta tabbata."

"Wacce za ta tabbata?"

"Ban sani ba."

"Shekara nawa ka yi a jami'ar Uppsala, ɗan nan?"

"Bakwai."

"Ubanka da ƙyar ya gama makaranta, shi ma da na tambaye shi cewa ya yi bai sani ba. Kun yi kunnen doki."

Don ya samu sa'ida, sai ya buɗe mata wani abu da yakan nuna wa kansiloli idan gyangyaɗi ya fara ɗibarsu. Kowane wuri yana da takwara, wato wani wuri a kudu wanda zafinsa da ruwansa na yau suka zo daidai da abin da wannan zai samu nan da shekara sittin. Ya rubuta sunan ƙauyenta. Ɗigo ja ya fito a arewacin Jamus, ƙasa kaɗan da Rostock.

Ta sa tabarau ta matso.

"Akwai mutane a wurin?"

"Akwai mana."

"Da daji?"

Ya faɗaɗa taswirar. Kore ne shar.

"Ka taɓa zuwa?"

Bai taɓa ba. Ya nuna wa mutane irin wannan ɗigon ba iyaka, bai taɓa jin wanda ya tambaya ko mota tana zuwa can ba. Shi kansa bai taɓa tambaya ba.

"Jirgin ruwa yana tashi daga Trelleborg kullum," ta ce. "Nemi hutu. In dai goben tana da adireshi, gara in je in taka ta da ƙafata."

Ya fara bayanin cewa takwaran na zafi ne da ruwa kawai, ba na komai da komai ba. Ita har ta tashi tana neman takalminta na roba.

Ta ofishin gandun daji na yankin Rostock Sixten ya samo sunan wani mai kula da daji, Henning Paasch, wanda ya yarda ya zagaya da su. Gwaggo Gunvor ce ta ja mota daga tashar jirgi, don a cewarta Sixten yana tuƙi kamar yadda yake ba da shawara. Da suka bar babban titi ya sauke gilashi ya shaƙi iska, kamar zai ji ƙamshin gobe a cikinta. Ya ji kunyar kansa, amma bai rufe ba. Ciyawar gefen hanya ta bushe ta yi ruwan toka. Ya ga kurangar inabi ta hau bangon wani gida har rufi. Ya yi ƙoƙarin ɗora ta a bangon jan gidan Gwaggo, ta ƙi zama.

Paasch dogo ne, ya fara furfura, da tsohuwar karya a bayansa. Jamusancin Gwaggo na makaranta ya yi tsatsa, don haka Sixten ya zama tafinta. Da Paasch ya ji abin da ya kawo su sai ya tuntsire da dariya har karyar ta waiwayo.

"Wato ni ne gobenku? To sannunku da zuwa gobe. Ku cusa wando cikin safa, akwai kaska."

Ya fara kai su inda gran ɗinsa yake a da. Kututture ne da ƙaya har ƙugu.

"Gaya masa," in ji Gwaggo, "ban ƙetare teku don ganin kututture ba. Ina da nawa a gida, sun fi nasa ƙiba."

"Gaya mata nawa sun girmi nata da shekara biyar. Ta gaishe su."

Daga nan suka shiga cikin itatuwan bok, dogaye masu santsin jiki. Daga ƙasa lafiya lau suke. Paasch ya ce su ɗaga kai. Sama ta yi yawa a tsakanin rassan, wasu ƙololuwan babu ganye ko ɗaya. Gwaggo ta daɗe kanta a sama. Sai da suka fita zuwa gangaren da itatuwan ek suke, manyan nan masu faɗin rassa da taurin katako, ta saki fuska. Su dai suna tsaye da ganyensu cif, 'ya'yansu sun cika ƙasa. Ta sunkuya tana tsinta tana zubawa a aljihun rigar sanyi, ba ta ko nemi izini ba.

Sixten ya durƙusa ya tura hannu cikin ƙasa. Yashi ne, hannunsa ya nutse har wuyan hannu. A tudun Gwaggo yatsa biyu za ka tura ka ci karo da dutse. Wannan babu shi a taswirarsa.

A ƙarshen gangaren akwai wani fili mai shinge, cike da ƙananan itatuwa jeri jeri, wasu sun kai kafaɗa, wasu sun tsumbure a gwiwa kamar an yi musu aski.

"Waɗannan fa?" Sixten ya tambaya.

"Tsarabata ce daga gobe," in ji Paasch. "Kuna tsammani ku kaɗai ne masu wayo? Ni ma wani yaro mai kwamfuta irinka ya nuna mini ɗigona, a tsakiyar Faransa. Na cika mota da mai na tafi. Na tarar da mai dajin wurin yana sarar nasa yana zagi. Shi kuma an ce masa ya je Sifen ya duba."

Sixten ya fassara. Gwaggo ta daina tsinta.

"Kowa yana leƙen gidan na ƙasa da shi ke nan. Na can ƙarshe fa, wa yake leƙawa?"

"Raƙumi," in ji Paasch.

"Akwai wuraren da ɗigo ba ya fitowa," Sixten ya ce, da harshe biyu. "Abin da za su samu babu irinsa yau a ko'ina."

Karyar ta kwanta a inuwa.

Amma hankalin Sixten yana kan tsumburarrun. Ya shiga shingen ya kama kan ɗaya ya duba. Ek ne, iri ɗaya da na gangaren, sai dai kansa ya mutu ya sake tohowa ya sake mutuwa.

"Fari ne ya yi musu haka?"

"Ina! Sanyi ne. 'Ya'yan Faransa ne, ba su da haƙuri. Rana ta ɗan leƙo a Afrilu sun fito da ganye. Sai dare ɗaya a Mayu jaura ta sauko ta soye su. Na gida suna barci abinsu har sai ta wuce."

"Kowace shekara?"

"Uku cikin biyar. Ka ga, zafin ya zo, amma sanyin bai yi sallama ba."

Sixten ya tambaye shi waɗanne shekaru ne, ta wane gefe iska take zuwa, ko na ƙasan gangare sun fi na sama ƙonewa. Paasch ya amsa wasu, wasu ya ce bai riƙe ba. Gwaggo ta gaji da tsayuwa ta ce in sun gama zance su same ta a mota, akwai kofi a fulas.

Washegari suka hau jirgin safe. Gwaggo ta sayi jarida ta zauna kusa da taga. Sixten ya buɗe kwamfuta, amma bai taɓa taswirorin nan uku ba. Su matsakaici suke nunawa, na wata ko na shekara, dare ɗaya na Mayu kuwa yana narkewa a cikin matsakaici kamar gishiri a miya. Ya koma ga ɗanyun alƙaluman, na kowace rana, waɗanda ake tace taswirorin daga cikinsu. Ya ware tudun Gwaggo. Ya nemi ranar da ɗumi zai isa ya tayar da ganye a kowace shekara, ya nemi daren sanyi na ƙarshe, ya jera su gefe da gefe. Ya manta da abinci. Wata mata ta tambaye shi ko akwai mutum a kujerar kusa da shi, bai ji ba.

Hanyoyin uku sun saɓa a kusan komai, kamar kullum. Amma sun haɗu a abu biyu. A dukansu fuskar tudun da ke kallon kudu za ta bushe fiye da abin da gran zai jure. A dukansu kuma ranar fitowar ganye tana matsowa gaba da sauri, sanyin ƙarshe yana ja da baya a hankali, ratar da ke tsakani ba ta rufewa. Ya sake lissafin ta wata hanya don ya kama kansa da kuskure. Bai kama ba.

Ya yi zaune yana kallon ruwa. Abin da ya gani bai kai tabbas ba. Alƙaluman ba su san dutsen tudun ba, ba su san ƙwaron da zai zo nan gaba ba. In ya rubuta wannan a ofis, za a ce ya ƙara "mai yiwuwa" a kowane layi, ya cire sunan itace. Amma in ya yi shiru, ya san abin da zai faru. Ko ta koma ga gran don shi ta sani, ko ta nemo irin ek daga Jamus don shi ta gani.

Gaɓar Sweden ta fara bayyana lokacin da ya ce, "Gwaggo."

"Ka farka?"

"Ki dasa ek a fuskar kudu. Amma ba na Paasch ba. Irin gida, ko na Skåne, nan kudancin ƙasarmu, in ya yi nisa. Gran ki bar shi a bayan tudu kawai, inda ruwa yake kwanciya. Kwarin ƙasa kuma kada ki sa komai mai tsada, can sanyi yake taruwa, ki bar björk, mai farin ɓawon nan, ya fito da kansa."

Ta ninke jaridar.

"Bai danganta ba?"

"Wannan bai danganta ba. Sauran ya danganta."

"In ka yi kuskure fa?"

"Sai Tuva ta zage ni a kabari."

"Za ta zage ka ko ba ka yi ba, halin gidanmu ne." Ta taɓa aljihunta da ya yi nauyi. "Waɗannan fa? Sai da ƙuguna ya yi ciwo."

"Sanyi zai soye su."

"Bayan rumbu zan zuba su, in ga ƙaryar wa za ta fara fitowa, taka ko ta Bajamushe."

Da waya ta kama, ba ta jira sun sauka ba. Ta kira Bertil, mai rainon dashen da ta shekara talatin tana saye a wurinsa. Sixten yana jin muryarsa daga inda yake zaune.

"Ek? A tudun naki? Haba Gunvor! Barewa za ta cinye su kafin su kai gwiwa, sai kin yi shinge, kuma babu wanda ya taɓa dasa ek a wannan dutsen. Wane ne ya ce ki yi haka?"

Ta miƙa wa Sixten wayar.

"Ungo. Gaya masa da bakinka."

Ya dubi wayar, ya dube ta. Lasifikar jirgi tana kiran masu mota su sauka ƙasa. Ya karɓa.

"Sannu, Bertil. Sixten ne, ɗan Arne. Ni na ce."