Marigayi Lemuel Ya Zo Neman Gafara

Orpha Tillery tana shanya a bayan gidan abincinta da ke garin Tolliver, a Kansas, sai ta ɗaga kai ta ga mutumin da ya rasu shekara takwas da suka wuce tsaye a bakin shinge, hularsa a hannu.

Ba ta yi ihu ba. Ta ƙarasa rataya zanen gadon a igiya, ta goge hannu a jikin siket, sannan ta dube shi sama da ƙasa. Ya rame, gemunsa ya soma furfura, amma fala-falan kunnuwan nan suna nan yadda ta san su. Lemuel Strake ne. Saura wata biyu bikinsu ya tafi Texas koro shanu, sai ga wasiƙa daga abokin aikinsa cewa kogi ya ci shi, ko gawa ba a gani ba. Shekara guda cur ta yi cikin baƙaƙen kaya. Ita ta sa aka kafa allon katako mai sunansa a makabartar bayan coci, kuma manema uku ta kora saboda shi.

Ya ce, "Orpha, ni ne."

"Sannu, bawan Allah. In abinci kake so, ta ƙofar gaba ake shiga."

"Lemuel ne fa."

"Allah sarki! Sunan marigayi gare ka."

Ya shiga murza hular kamar zai tatse ta. Ya ce bai mutu ba. Doki ya sata a Texas, aka kama shi, aka ɗaure shi shekara bakwai da 'yan watanni. Kunya ce ta sa ya roƙi abokinsa ya rubuta ƙaryar kogi. A kurkuku ya koma ga Ubangiji, yanzu ga shi ya zo ta yafe masa.

Orpha ta ɗauki kwandonta. "Lemuel ɗina ba ɓarawo ba ne. Ka ji tsoron Allah, ka bar ɓata sunan mamaci."

Tana shiga ɗakin girki ta rufe ƙofa, ta zube a kan buhun fulawa. Ta yi kuka, ta gode wa Allah, ta zagi Lemuel tas, ta sake gode wa Allah. Da maƙwabciyarta Dorcas Quill, matar mai kanti, ta shigo ta ji labari, hannu ta ɗora a ka.

"To yanzu me za ki yi da shi?"

Orpha ta fyace hanci. "Shi ya ce ya mutu. Ni wace ce da zan ƙaryata shi?"

Dorcas ba ta iya riƙe magana, don haka kafin rana ta faɗi duk Tolliver ta san wasan, wato Lemuel yana nan a mace, wannan baƙo ne, kuma kowa ya shiga. Lemuel ya sami aiki a wurin maƙeri, yana sa wa dawakai takalmin ƙarfe. Wanzami ya ce shi bai taɓa aske fatalwa ba, amma zai gwada. Da rana in ya zo cin abinci, Orpha ta ajiye masa wake da burodin masara da ladabi, sannan ta juya ga masu kiwon shanun da suka cika tebur ta soma ba su labarin marigayi. Kullum marigayin ƙara kyau yake. Ran Litinin dogo ne mai faɗin kafaɗa. Ran Laraba muryarsa ta fi ta kowa a coci. Kafin Asabar ya taɓa kayar da bijimi da hannu ɗaya.

Wani tsoho a ƙarshen tebur ya girgiza kai. "Ai an daina haihuwar irinsa. Bawan Allah, miƙo mana gishirin nan."

Lemuel ya miƙa. Ko sau ɗaya bai tanka ba, wannan kuwa ya fi komai ba Orpha haushi, don faɗa take so.

Ran Lahadi Fasto Prather ya yi wa'azi a kan gafara, ya kusa awa guda idonsa na kan bencin da take zaune. Da aka tashi ya tare ta a bakin ƙofa.

"'Yar'uwa Orpha, mutumin nan ya tuba. Ki dubi Allah."

"Wane mutum, Fasto? In Lemuel ne, na yafe masa tun tuni. Ba kai ka yi masa addu'ar jana'iza ba? Da bakinka ka ce yana hutawa a wurin Ubangiji. Ko ka canja magana ne?"

Fasto ya yi tari, ya ce yana jin matarsa na kiransa.

A mako na uku ta aika wa Lemuel cewa kabarin marigayi ya yi ciyawa, in zai taimaka. Ya zo da fartanya. Orpha ta zo da furen daji, ta shimfiɗa mayafi ta zauna a gaban allon, shi kuma yana durƙushe yana nome kabarin kansa. Da niyyar tsokana ta soma.

"Lemuel, ga ni na zo. Akwai wani mai manyan kunnuwa a gari, wai shi ne kai. Kada ka damu, ban kula shi ba."

Fartanya ta ci gaba da aiki.

"Da kai ne, ai da ka san ni. Da ka rubuto ka ce, Orpha, na yi abin kunya, ina kurkuku. Da na zage ka shafi huɗu, sannan na saƙa maka safa na aika. Da na jira ka." Nan muryarta ta karye, ba da shirinta ba. "Rigar bikin ma da hannuna na warware ta na yi labule, don kada in riƙa ganinta."

Lemuel ya ajiye fartanyar. "Gani na yi gara ki yi kukan mutumin kirki da ki zauna jiran ɓarawo."

"Wa ya ba ka izinin zaɓa mini?"

Ta miƙe ta rufe shi da duka da furen, har ya zama saura kara a hannunta. Shi ko kare fuska bai yi ba. Hawaye na bin gemunsa yana cewa, "Na cuce ki, Orpha. Ba ni da abin faɗa."

Ta tsaya tana haki. Ta lalubi fushin da ta yi mako uku tana tattali, ta ji ya yi sauƙi kamar an sauke mata tulu daga ka. Ita ma kowace safiya gafarar Allah take roƙo, ba a taɓa ce mata ta dawo gobe ba.

"Na yafe maka, Lemuel. Ba don ka cancanta ba, kada kanka ya kumbura. Tashi, gwiwarka duk ƙasa."

"To, maganar aurenmu..."

"Kai! Daga tashi daga kabari sai aure? Ka soma daga farko. Ran Asabar ka zo da keken doki, ka yi wanka, ka nemi izini kamar kowa. Wataƙila in fito."

Asabar biyu ta bar shi a ƙofar gida yana hira da doki. Ta uku ta fito.

Bayan an gama girbin alkama aka ɗaura auren, coci ta cika har waje. Fasto Prather ya karanto alkawari, da ya kai wurin "har mutuwa ta raba ku" sai amarya ta ɗaga yatsa.

"Fasto, ka gyara. Mutuwar gaske, wadda zan gani da idona."

Dorcas ta yi dariya har ta shaƙe, sai da mijinta ya fitar da ita ya ba ta ruwa. Fasto ya rufe littafinsa, ya jira jama'a suka natsu, sannan ya maimaita alkawarin yadda amarya ta ce, Lemuel ya amsa da ƙarfi.