Wa Ya Ishe Wa

A bakin hanya aka haifi Gwadabe, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Iyayensa, Sallau da Tabawa, mutanen Adar ne, yunwa ta koro su da jaki ɗaya da tukunya, naƙuda ta tsayar da su tsakanin Damri da Talata Mafara. Da jinjirin ya yi ƙwari suka ci gaba har Tungar Marke, wani ƙauye a bakin gulbi ta wajen Maradun, aka ba su wurin zama.

Mutanen Tungar Marke ba mugaye ba ne, amma mudunsu ɗaya na auna mutum: wa ya ishe wa? Wato wa ya zo ya tarar da wani a garin. Wanda aka ishe shi ne ɗan gari, shi ke fara magana a taro, ko da maganar tasa ba ta da kai ba ta da gindi. Sallau kuwa kowa ya ishe, har karnuka. Ya mutu ana kiransa Baƙo, ɗansa ya gaji sunan tun da babu gonar da zai gada.

Abin ya ci Gwadabe a rai, ya sha alwashin sai ya kankare sunan nan da gumi. Ya yi korar shanu a ƙasa har Kudu, ya dawo da kaushi da Yarbanci. Ya yi fiɗa wa mahautan Talata Mafara har hannunsa ya faɗa, ranar kasuwa ana rububinsa. Ya koyi ginin rijiya a Bakura, ya yi fito da gora a gulbi damina bayan damina, ya taɓa ɗinkin keke, ya ɗinka wa wani liman riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya sayar da keken a makon. Duk inda ya je ya dawo, da kaya niƙi-niƙi yake dawowa. Ya auri Taiba, ya gina soro, ya aurar da 'ya'ya. Amma in aka zauna shawara, sai Malami mai gari ya gama jin kowa sannan ya waiwayo ya tambaya ko Baƙo yana da abin cewa.

Yana da furfura har a gira aka zo da zancen dam ɗin Bakolori. Gwadabe, da ba ya ganin sana'a ya ƙyale, ya yi gadin manyan motocin kamfani, ya ga da idonsa tudun da ake tarawa a bakin gulbi. Ya dawo ya gaya wa mutane cewa ruwan nan da gaske zai ci garin. Aka yi masa dariya, aka ce baƙo raɓa ne, dama ƙafarsa a hanya take.

An nuna wa mutanen garin wani fako can kan tudu inda za su koma, ba inuwa ba ruwa. Kowa ya ce ba zai bar kushewar kakanninsa ba. Gwadabe ma yana da kushewa biyu a nan, ta uwa da ta uba, kuma ya yi kuka a kansu, kuka na gaske. Daga nan ya ɗora wa jaki diga da igiya, Taiba na biye tana mita, suka kafa bukka a tsakiyar fakon. Ya fara haƙa. Rijiyar farko ta ci karo da dutse, ta biyu ta rufta saura kaɗan ta binne shi. Taiba ta rantse in ya sake shiga rami za ta tafi gidan 'yarta a Morai, amma da safe ita ce a bakin ta ukun tana jan guga cike da ƙasa. A ta ukun ruwa ya ɓuɓɓugo.

Da aka toshe gulbi ruwa ya hau kan gonaki da gidaje, mutanen Tungar Marke suka hauro da kayansu a ka, baƙin ciki ya cika kowa. Shekarun ba su yi daɗi ba, an yi rigima kan gonaki a ƙasar, gidaje da yawa sun yi makoki. Ruwan rijiyar Gwadabe suka sha, da shi suka kwaɓa ƙasar gini, shi ya yanka musu ragon sunan farko a sabon gari. Duk da haka Baƙo dai ake kiransa, baki ya riga ya saba. Ya fid da rai, ya ce haka zai shiga kabari.

Ana nan wata shekara damina ta ƙi a arewa. Wani mutum mai suna Bappa ya iso da mata da yara da 'yan awaki ramammu, ya durƙusa gaban Malami bayan la'asar yana roƙon wurin kafa gida. Al'adar mutanen garin ita ce babu gidan da ake kafawa sai wanda kowa ya ishe ya zaɓi wuri ya yi saran farko da hannunsa. Tun kaka da kakanni gidan su Malami ke yi. Aka ɗauko fartanya aka miƙa masa, ya karɓa, ya miƙe, sai kuma ya tsaya cak.

Malami mutum ne mai girman kai, amma yana tsoron Allah, kuma mudun nan na kakanninsa ne, ba zai iya tauye shi ba. Ya daɗe yana juya fartanyar a hannu.

"Wanga sara ba nawa na ba," in ji shi. "Ni ma na ishe wani nan. Duk wanda ke zamne wurin ga ya ishe shi."

Ya ratsa taron, ya wuce 'yan'uwansa da limamai, har can ƙarshe inda Gwadabe ke zaune. Ya rusuna ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba Gwadabe, garinka na. Ka ba baƙonmu wuri."

Daɗi ya kama tsohon, ya karɓi fartanyar ya tashi. Jama'a suka nufi bayan gari, inda aka saba sauke baƙi, amma shi bai bi su ba. Ya ja hannun Bappa ya shiga tsakiyar gari, jikin katangar gidansa, ya ɗaga fartanya ya sari ƙasa.

"Nan za ka gina," ya ce. "In anka tambayi ɗiyanka daga ina su ke, su ce daga nan."