Gilashin da Zai Fitar da Ido

Gilashin kyamara guda biyu mai shago ya jera a kan kanta, ɗaya ƙato mai nauyi kamar gwangwanin madara, ɗaya ɗan mitsitsi da zai shige aljihun riga. Mai hoto ya ɗaga babban, ya jinjina shi a tafin hannu, ya ajiye a hankali. Ƙaramin kuwa da yatsa ɗaya ya ture shi, ya taɓe baki.

"Baba, duka biyun na hoton fuska ne, kuma duka za su hau kyamararka," in ji mai shago. "Babban yana shan haske sosai, ya narkar da bayan mutum har fuska ta tsaya ita kaɗai. Sai dai ba ya yafiya, ka kuskure saiti da ƙiris ido ya tafi. Ƙaramin yana da haƙuri, ga sauƙin kuɗi."

"Ni za ka koya wa saiti? Ina ɗaukar hoto ba a haife ka ba."

Matarsa tana zaune a kujerar roba kusa da ƙofa, ta zare takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Tun safe suke zagayen shaguna, kuma ba don ta san kan gilashi ya taho da ita ba. Tun farkon aurensu ya kafa wa kansa doka, duk sabon kayan aikin da zai saya, fuskarta zai fara ɗauka da shi. Ta zauna wa kyamarori masu fim, ta zauna wa fitilun da suka gasa mata goshi, har ta zauna wa wannan ta zamani da ɗansu ya aiko masa bara. Yau dai ta gaji, kuma ba ta ɓoye ba.

Ba kwalliya ce ta fito da su ba. Watannin nan hotuna sai dawowa studiyo suke yi. Wata mata ta maido hoton jaririnta, ta ce maɓallin riga ya fito tar, fuskar kuma kamar an shafe ta da mai. Makarantar da yake yi wa hoton ɗalibai shekara da shekaru ta aiko cewa ko a gyara ko su nemi wani, kuma kowa a gidan ya san in makarantar ta tafi, studiyo ta rufe ke nan. Shi kuwa ya kafe kan cewa tsohon gilashinsa ne ya gaji. Kyamarar tana iya nemo idon mutum da kanta, amma ranar da ta iso ya sa aka kashe mata wannan wayon. Da yatsunsa yake murza zoben gilashi ya saita, yadda ya koya. Inji bai isa ya nuna masa inda ido yake ba.

"Gyara zama," ya ce da ita. "Ɗago haɓa."

Ta mayar da takalmin, ta ɗago haɓa. Ya ɗaura babban gilashin, ya kafa ido, ya murza zobe gaba, ya dawo da shi baya, ya sake murzawa. Ya daɗe, har wuyanta ya ƙage, kafin ya danna.

Mai shago ya buɗe hoton a allon kwamfuta. Ɗan kunnenta ya fito har da ɗan tsagin da ke jikin dutsen, idanun kuwa sun yi hazo. Aka gwada ƙaramin, ya ɗan fi dama-dama, amma shi ma idon bai tsaya ba.

"Kayanka duk jabu ne," in ji mai hoto, muryarsa ba ƙarfi.

"Ara mini kyamarar, Baba."

Mai shago ya mayar da babban gilashin, ya latsa wani abu a bayan kyamarar, ya ɗaga, ya danna ba tare da ya taɓa zobe ba. Fuskar ta cika allo. Gashin ido ɗaya-ɗaya ana iya ƙirga shi, har ƙofar shagon ana gani a cikin ƙwayar idonta.

Mai hoto ya matso, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya ja da baya.

"Ka gani? Naka ma bai fito ba."

Mai shago ya shiga goge kantar da ba ta da ƙura. Tausayi ya kama shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Malam," matarsa ta ce, "ya fito."

"Me ya fito?"

"Hoton. Ban taɓa fitowa haka ba." Ta sauke numfashi. "Na gaji da karanta maka saƙon waya kana cewa rubutun ne ƙanana. Na gaji da ba mutane haƙuri a bakin studiyo. Sau nawa na yi maka maganar asibitin ido?"

Mai hoto ya karɓi kyamararsa. Ya laluba bayansa ya sami kujera, ya zauna, kyamarar a cinyarsa. Babban yatsansa yana ta shafa zoben, irin wanda ya ci da su, ya biya wa yaransu makaranta. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ya daɗe yana kewaye wa.

Can ya ce, "Cire wannan, sa mini ƙaramin. Mai haƙurin." Ya nuna bayan kyamarar. "Abin nan da ka latsa, bar shi a kunne."

Mai shago ya yi yadda aka ce. Mai hoto ya miƙe, ya ɗaga kyamarar. Ba ta jira ya ce ta ɗago haɓa ba. Yatsunsa suka kai ga zoben don sabo, ya janye su, ya danna. Bai ko kalli hoton ba, ya miƙa mata kyamarar.

"Duba mini. Kin fito?"

Ta daɗe tana kallo.

"Na fito."

"Yaya kika yi?"

"Na tsufa, Malam."

Ya karɓi kyamarar, ya lalubo murfin gilashin ya rufe.

"Ni dai ban gani ba," ya ce.