Lambar da Suwaiba ta Kafe

Tarakta ɗaya ce da ƙungiyar manoman Kahu, su kuwa mutum ashirin da huɗu ne. Wanda aka fara yi wa huɗa zai shuka masararsa da ruwan fari, wanda ya zo ƙarshe kuwa sai ya yi mako uku yana kallon gonakin mutane suna tsiro. Shi ya sa duk shekara ba a gama rabon layi sai an yi baƙar magana.

Malam Ishiyaku ne sakataren ƙungiyar. Shekara goma sha biyu yana riƙe da muƙamin, ba a taɓa jin wanda ya ce ya ci masa ko ƙwayar goro ba. Ba shi da shanu, ba shi da mota, sunan nan nasa shi ne dukiyarsa, kuma yana ji da shi. Shi ya kawo shawarar a bar wa 'yarsa Suwaiba, wadda ta yi karatun kwamfuta a Kano take aure a Rano, ta haɗa musu manhajar ƙuri'a a waya. A danna sau ɗaya, ta hargitsa sunaye, ta fito da layi. Ya ce shi ya tsaya mata. Tunda shi ya faɗa, aka yarda.

Suwaiba ba ta wasa da aiki. Ta haɗa wa manhajar gwaje-gwaje masu tashi da kansu duk lokacin da ta taɓa wani abu a ciki. Idan komai daidai ne su nuna kore, idan da matsala su nuna ja. Ɗaya daga cikinsu yakan buga ƙuri'ar sau dubu goma, ya ƙirga ko kowane suna ya zo na farko kusan daidai da sauran.

Wannan gwajin ne ya zame mata ƙarfen ƙafa. Sai ya yi kore sau talatin, ya tashi ya yi ja ba gaira ba dalili. Ta bincika ta rasa laifi, ta sake sakinsa, ya koma kore kamar ba shi ba. Ta san dalili sarai: ƙuri'ar gaskiya takan karkata gefe guda wani lokaci, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Amma gwajin da ke ihun ƙarya, wata rana zai yi na gaske ka ƙi kula shi.

Maganin sananne ne ga masu wannan sana'a. Kwamfuta ba ta san sa'a ba. Daga wata lamba take farawa, ta yi ta juya ta har sunaye su hargitse. Idan ka kafe lambar farawar, layi ɗaya za ta riƙa ba ka kullum, gwaji ya daina rawa. Ƙuri'ar gaske ce kawai ake barin ta ɗauki sabuwar lamba duk bugu. Suwaiba ta rubuta bakwai, gwaji ya yi kore, ya zauna a koren. Har hamdala ta yi.

Bara aka buga ƙuri'ar farko. Malam Ishiyaku ya zo na ɗaya, Mato, wani dattijo mai gona a bakin rafi, ya zo na ƙarshe. Aka yi dariya, aka ce rabo ne. Mato ya shuka a makare, ruwa ya ɗauke masa masara tana goyo.

Bana, ranar Talata da hantsi, wayar Suwaiba ta yi ƙara.

"Suwaiba, mun buga," in ji mahaifinta. "Layin bara ne ya dawo. Ni na ɗaya, Mato na ƙarshe, kowa a inda yake. Ko mutum ɗaya bai gusa ba."

Ko minti goma ba ta yi ba ta gano. Bakwai ɗin nan ba a gefen gwaji ta rubuta ta ba. A wurin da gwajin da ƙuri'ar gaske suke karantawa tare ta sa ta. Shekara guda gwaje-gwajen suna mata kore, don abin da suke so ke nan, kada komai ya canja. Ta zauna a bakin gado. Kunya ta ji da tsoro, kuma ba don kanta ba.

Ta cire lambar, ta duba ta sake dubawa, ta hau acaɓa zuwa Kahu.

A wani aji na firamare aka taru bayan la'asar. Mahaifinta yana gefe a kan benci, babu wanda ya zauna kusa da shi. Alhaji Munzali, shugaban ƙungiya, ya ba ta dama. Ta yi bayanin gwajin, da jan da yake yi ba dalili, da lambar farawa. Tana magana tana jin yadda zancen yake fita kamar na mai kare kansa. Mutanen da ke jiran ruwan sama, ina ruwansu da ja da kore?

Mato ya gyara zama. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"'Yar nan, ni ban yi boko ba. Wannan lambar da ta sa babanki a gaba, ta jefa ni baya, wa ya zaɓe ta?"

"Ni ce, Baba Mato. Amma wallahi ban san layin da za ta ba da ba."

"Ke ce dai."

"Ni ce."

Aji ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce ashe shekara goma sha biyun ma sai an sake dubawa. Malam Ishiyaku ya sunkuyar da kai.

Nan Suwaiba ta yi abin da ya rage mata. Ta ce ta gyara, a sake bugawa yanzu a gaban kowa, kuma Baba Mato ne zai danna da hannunsa. Idan layi ya canja, kowa zai ga kuskure ne. Alhaji Munzali ya dubi jama'a, ya ce to, sau ɗaya, abin da ya fito shi ke nan.

Mato ya goge yatsa a rigarsa ya danna.

Layi ya canja kuwa. Mato ya zo na tara, Alhaji ya gangara na ashirin, kowa ya gusa. Sai dai suna na farko. Alhaji Munzali ya kalli wayar ya daɗe kafin ya karanta.

"Ishiyaku."

Wani ya kwashe da dariya, irin wadda ba ta daɗi ba. Suwaiba ta san wannan karon ƙuri'ar tsaf take. Cikin bugu ashirin da huɗu, kusan sau ɗaya sunansa zai zo farko, kuma yau ya ga damar zuwa. Ta buɗe baki ta ce a sake, sai ta gane idan an sake ya sauka, za a ce ita ta sauke shi. Babu bugun da zai wanke shi kuma.

Malam Ishiyaku ya miƙe a hankali. Ya ajiye makullin taraktar a gaban Alhaji, ya ce a cire sunansa daga layi, shi da ƙungiya sai dai gaisuwa. Babu wanda ya ce ya tsaya.

Ta biyo shi waje tana kuka.

"Baba, wallahi wannan ta gaskiya ce."

Ya tsaya yana saka takalmi, bai juyo ba.

"Na sani, Suwaiba," ya ce. "Ni da ke muka sani."