Tulun da Ba Ya Zufa

A shekarar da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a Azare, maza na zama gindin tsamiya suna bin malami da baki, matan unguwar su Husaina ma suka samu nasu ajin, sai dai nasu ba allo ba alli. A tsakar gidan Ya Fanna ake yinsa, ran Alhamis bayan la'asar. Ya Fanna tsohuwa ce Babarbariya, wadda iyayenta suka taso daga Borno tun tana goye. Ɗanta Umara yana aiki a gonar gwaji, shi ya koya mata yadda ake shuka ganye da rani da ɗan ruwa kaɗan, domin malamin gona ba shi da halin shiga gidajen matan aure, ita kuwa ba ƙofar da ake rufe mata.

Husaina ba sha'awar lambu ce ta kai ta ba. Ɗanta Babayo, wata huɗu da yaye, ya yi ƙyanda ya tashi, amma bai koma daidai ba. Gefen bakinsa ya tsattsage, ƙafafunsa sun zama kamar sillen kara, in an miƙa masa tuwo sai ya kau da kai. Mijinta Hammawa ya kai shi disfensare, malamin ya ba da magani a kwalba, ya ce kuma a riƙa sa masa ɗanyen ganye a miya kullum, ba busasshe ba. Hammawa ya dawo ya faɗa mata haka, ya ƙara da cewa malamin bai faɗi inda ake samun ɗanyen ganye a wannan watan ba. Lambu sai bakin kogi, can wajen Katagum, kafin jaki ya iso da shi gari ya yi yaushi, kuma ba kullum yake isowa ba. Rijiyar unguwa ga zurfi. Garwa huɗu Hammawa yake jawowa da safe kafin ya wuce rumfarsa ta dukanci, sha da girki da wanka da alwala duk a ciki.

Da ta nemi izinin zuwa ajin ya ce ta je, tunda zana ɗaya ta raba su da gidan tsohuwar.

Mata tara ta tarar, sun kewaye wani abu a bayan ɗakin girki. Alayyahu ne, kore shar, ya yi da'ira, a tsakiyarsa wani tsohon faifai a ƙasa. Ko'ina a gidan ƙasa ta bushe ƙayau, ban da nan. Ya Fanna ta sa sandarta ta ɗaga faifan, sai ga bakin tulu, an binne shi har wuya, ruwa a ciki.

"To, ga karatun ke nan gaba ɗaya," in ji ta. "Wadda ta zo da alƙalami ta mayar."

Yelwa, maƙwabciyar Husaina ta gabas, ta leƙa ciki ta ce, "Ya Fanna, shi ganyen da guga yake ja, ko da ludayi?"

"Da bakinki yake ja, mai surutu. Matsa ki ba yara wuri."

Ta yi musu bayani a tsaye, tana nuni da sanda. A samu sabon tulu. A haƙa rami a zuba taki, a binne shi har wuya. A cika shi, a rufe bakin saboda sauro da kaji. A shuka iri kewaye da shi, tazarar ɗani ɗaya. A yayyafa ruwa a sama har ya tsiro, daga nan a daina, a bar shi da tulun. In ruwan ya yi ƙasa a ƙara. Sannan ta kwance bakin zaninta ta rarraba musu iri, kowa ɗan ƙulli a tsumma.

"Iyakar abin da Umara ya kawo ke nan," ta ce. "Wadda akuyarta ta ci nata, sai baɗi. Kuma ku hanzarta, in zafi ya shigo ba abin da zai tsiro."

Husaina ta saurara da kyau, tana jijjiga Babayo a baya. Ba ta yi tambaya ba, don a ganinta ba abin da ya shige mata duhu.

Ran kasuwa Hammawa ya kawo tulu daga wurin maginan tukwane, ja, mai faɗin ciki. Ta cika shi ta ajiye don gwaji. Kashegari ta same shi jiƙe sharkaf, ƙasar da ke gindinsa ta yi danshi, ruwan ya sauka da kusan yatsa uku. Ranta ya ɓaci. A gidan da ta tashi, macen da tulunta ke tsattsafo ba a kiranta mai tattali, balle yanzu da kowace moɗa da lissafinta. In yana zubar da yatsa uku a sarari, a cikin ƙasa inda ba mai gani fa? Ta jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, ta kwana biyu, ta shafe shi ciki da waje, ta shanya, ta sake shafawa, ta bi shi da dutsen guga har ya yi sheƙi, ta kife shi a kan hayaƙi kamar yadda ta ga uwarta na yi. Da ta sake gwadawa, ko ɗigo. Sannan ta binne shi a kusurwar da rana ba ta daɗewa, ta kewaye da ƙaya saboda kaji da kuma Babayo.

Kwana biyar irin ya tsiro. Ta ƙirga, tsiro goma sha huɗu. Ta daina yayyafi kamar yadda aka ce.

Ran Alhamis mata suna ta ƙorafi. Wannan ta ce tulunta kwana uku yake shanye rabi, waccan ta ce mijinta ya fara tambaya ko raƙumi ta ajiye a bayan ɗaki. Husaina ta ce ita nata tun da ta cika bai sauka ba. Ya Fanna tana can ciki tana salla, ba ta ji ba.

"Ke kuma wane malami ya tofa miki a ciki?" in ji Yelwa.

"Ba malami. Gyara shi na yi da makuba."

"Oh, su Husaina manya! Mu nan muna ta shayar da ƙasa. Bari in koma in tono nawa."

Husaina ta koma gida da ɗan jin daɗi, abin da ta daɗe ba ta ji ba.

Bayan kwana uku tsiron ya fara sunkuyar da kai da rana tsaka, ya miƙe da yamma. Kashegari bai miƙe ba. Ta ɗaga murfi, ruwa na nan fal har wuya. To ba ƙishi ba ne, ta ce a ranta. Ta duba ƙarƙashin ganye ko tsutsa ce, ba ta ga komai ba. Ta barbaɗa toka. Ta kafa kara ta yi masa rumfa da tsohuwar tabarma. Ta yi tunanin ta yayyafa ruwa, ta tuna an ce a daina, ita kuwa ba ta cikin masu karya doka. Da safe biyar sun kwanta, sun zama kamar zare. Babayo na zaune a tabarma yana kallonta, ƙoƙon kununsa a gaba ƙuda na bi, bai taɓa ba.

Ba ta jira Alhamis ba. Ta ɗaga zana ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida tsohuwar, ta ce don Allah ta zo ta gani.

Ya Fanna ta zo tana dogara sanda. Ba ta ko kalli ganyen ba. Ta tsuguna da ƙyar, ta cusa yatsa a ƙasa kusa da tulun, ta zaro, ta duba. Ta sake cusawa har wuyan hannu. Ƙasa ta zubo daga hannunta kamar gari.

"Yaushe kika cika shi?"

"Kwana goma sha biyu yau."

"Kin ƙara?"

"Bai nema ba, Ya Fanna. Ba ya yoyo ko kaɗan."

Tsohuwar ta share ƙasar da ke kafaɗar tulun da tafin hannu. Sheƙin ya fito, baƙi-baƙi, sumul. Ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta shinshina yatsanta.

"Makuba?"

"Sau biyu. Na kuma turara."

Ya Fanna ta dube ta. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. "'Yata, wa ya raine ki?"

"Innata, a Dambam."

"Ta iya raino. Tulu kam kin gyara shi, ko amarya aka kai wa ba za a ji kunya ba. Amma shi ganyen nan ta ina kike so ya sha? Zufar nan da kika toshe, ita ce abincinsa. Ƙasa in ta bushe sai ta tsotsa, in ta ƙoshi ta bari. Kin zaunar da su kusa da ruwa kin rufe ƙofa."

Husaina ta dubi tulun, ta dubi tsiron. Abin a fili yake, har ta rasa yadda aka yi ba ta gani ba.

"Ba ki ce kar a shafe ba," ta ce a hankali.

"Ban ce ba. Ni ma Umara bai ce mini ba, shi namiji ina ya san ana shafe tulu? Nawa ban shafe ba don ƙugu ya hana ni. Ran Alhamis da wannan gargaɗin zan fara." Ta miƙe tana nishi. "Yanzu ki yayyafa musu, a hankali, kar ki kwantar da su. Sai ki nemi wani tulun. Wannan ko kankare shi kika yi ya riga ya sha makuba."

Kasuwa saura kwana biyar. Yayyafi a sama safe da yamma zai ci rabin garwa, rana ta shanye kafin azahar, kuma rabin garwar nan ba ta da inda za ta cire shi sai a ruwan wankan yaron. Ta bi tukwanen gidan ɗaya bayan ɗaya, randa, tulun girki, ƙaramin na ɗaki. Duk ta shafe su da hannunta tun tana amarya.

Ta leƙa ta zana ta kira Yelwa, ta ce kar ta taɓa tulunta.

"Wane tulu? Au, makuba? Ai ko jiƙawa ban yi ba. Kin ga amfanin lalaci ke nan. Naki fa?"

"Saura tara."

Yelwa ta sauke murya. "Allah ya raya su," ta ce.

Da hantsi Husaina ta shiga zaure shara, tunda ba kowa. A kusurwa tulun Hammawa yake, a kan ɗan tudun yashi, wanda yake ba baƙinsa ruwa daga ciki, ake yaba sanyinsa har rumfar mahauta. Shi kaɗai ne ba ta taɓa sa wa hannu ba, don da shi ta same shi. Tsintsiya ta taɓa yashin, ta ji ya yi nauyi. Ta tsuguna ta dafa. Jiƙe yake. Ta shafa cikin tulun, sanyi, da danshi kamar goshin mai zazzaɓin da ya sauka.

Ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta juye ruwan a ƙwarya, ta tone nata a hankali da ludayi don kar ta taɓa saiwa, ta zura na Hammawa a ramin. Ya ɗan fi ƙanƙanta, ta cike gefen da taki da ƙasa, ta danna da dunduniyar hannu. Nata ta wanke shi tas, ta kai zaure ta ɗora a kan yashin, ta mayar da ruwan a ciki, ta kifa moɗa a baki.

Hammawa ya dawo da azahar tare da wani abokin cinikinsa daga Itas. Tana jinsu daga ciki. Ta ji ƙarar moɗa, ta ji shiru, sannan ta ji baƙon yana cewa alhamdu lillahi da irin muryar da ake yi don kunya. Da ya raka shi ya shigo, tana durƙushe tana jira.

"Wa ya ɗora mini ruwa mai ɗumi kamar na wanka a zaure?"

"Ni ce, Malam."

"Ina tuluna?"

Ta nuna kusurwa. Ya je ya tsaya a kan ƙayar, ya ga bakin tulunsa a ƙasa da murfi, da 'yan tsiro tara sun kewaye shi.

"Kin binne shi."

"Na binne shi."

"Shekara shida ina shan ruwa a tulun nan. Mutumin nan tun daga rumfa nake yi masa alfahari da shi."

"A yi haƙuri. Ran kasuwa sai a sayo wani, ba zan taɓa shi ba. Su ne ba za su kai ran kasuwa ba."

Ya waiga wajen tabarma. Babayo ya yi barci a zaune, kansa ya faɗa a kafaɗa, wuyan kamar ba zai ɗauka ba. Hammawa ya gyara hularsa.

"Ko tambaya ai a yi," ya ce, ya fita.

Kashegari ruwan tulun ya sauka yatsa biyu. Ta cusa hannu a ƙasa, ta ji sanyi. Duk da haka uku suka ƙara mutuwa, sun riga sun yi nisa. Shida suka tsaya. Kwana uku-uku take ƙara ƙwarya ɗaya, ruwan wankin gero ne ma yawanci, bayan ya kwanta ta tace.

Sati uku bayan haka, ganye ya kai faɗin tafin hannun yaro. Ya Fanna ta ce kar ta tuge, ta riƙa tsinkar na ƙasa ta bar kan. Ta tsinki goma sha biyu, biyu daga kowane. Ta yanka ƙanana, ta dafa da ɗan ƙuli-ƙuli da daddawa a ƙaramar tukunya, ta murje tuwo a ciki har ya yi ruwa-ruwa. Ta ɗora Babayo a cinya.

Lomar farko ya tofar, ta gangaro a ƙirjinsa. Ta share, ta jira. Ta biyu ya riƙe a baki yana kallonta, ya daɗe, sannan ya haɗiye. Ya ci huɗu, a ta biyar ya kau da kai. Ba ta matsa masa ba. Ta rufe sauran da faifai ta ajiye a inuwa, don a sake gwadawa bayan la'asar.