Sulalla Goma Sha Uku na Don Cástulo

Saura kwana tara a ɗaura aurensu Doña Eufemia ta ci karo da takardar. Angon nata, Don Cástulo, shi ya kawo kwat ɗinsa ta ɗinka masa maɓalli, ita kuwa ba ta taɓa riƙe rigar namiji ta ƙyale aljihu ba. Takardar da ta samu a aljihun daga ofishin haraji take. Ashe shekara shida bawan Allah yana kiɗan marimba, abin kiɗan nan na jerin katako, a bukukuwan garin Tlacolula bai biya ko peso ɗaya ba, ga tara ta hau kan tara.

Gabanta ya faɗi saboda injinta. Injin markaɗen masarar nan marigayi mijinta ya bar mata, da shi ta aurar da 'ya'ya uku, rabin tortiyar unguwa, wato wainar masararsu, kuma daga bakinsa take fitowa. A ofishin rajistar aure kuwa sai an tambayi ango da amarya: a haɗa dukiya, ko kowa ya riƙe tasa? Kowa haɗawa yake cewa. Wanda ya ce a raba, kafin ya isa gida matan kasuwa sun gama da shi.

Ta kai kukanta wurin ƙanwarta Chayo, wadda ta san komai muddin ba a tambaye ta inda ta ji ba. Chayo ta ce bashi dai nasa ne, amma in an haɗa, masu haraji ba su da lokacin tantance na miji da na mata, gara ta fasa tun da wuri. Eufemia dai tana son tsohon nan, son da ita kanta haushi yake ba ta.

Kullum sai ta yi niyyar yi masa maganar, kullum sai ya zo ya cinye mata wake yana ba ta dariya, ta kasa. Yaya za ta dubi idonsa ta ce ta fi son inji?

Ranar rajista, ma'aikaciya ta yi tambayar. Eufemia ba ta ko buɗe baki ba Cástulo ya gyara hula.

"A raba," in ji shi. "Ina da dukiyar da zan kare."

Shaidu suka tuntsire da dariya. Dukiyarsa a duniya dai marimba ce mai fasassun katako uku, sai keken da ba birki. Kafin azahar labari ya zaga kasuwa, wai marowaci yana tsoron amarya ta cinye masa keke.

A hanya ta riƙo hannun rigarsa. "Kai tsoho, wace dukiya?"

"Taki mana," ya ce. "A aljihun dama nake ajiye takardar nan, 'yar tsohuwa. Na same ta a hagu."

Kunya ta kama ta, har ta rasa inda za ta sa ido.

Ranar Asabar a coci aka zo wurin sulalla goma sha ukun da ango ke zuba wa amarya a tafin hannu, alamar duk abin da ya mallaka nata ne. Na Cástulo 'yan peso goma-goma ne, ya goge su da lemun tsami har suna walƙiya. Ya zuba mata, ya sunkuyo ya raɗa mata cewa ban da bashin gwamnati. Fadan cocin ya yi kamar bai ji ba.

Litinin da safe, karo na farko cikin shekara ashirin, matan unguwa suka zo da bokitan masara suka tarar da shago a kulle. Eufemia ta tasa angonta gaba har ofishin haraji a Oaxaca, ta kwance ƙullin ƙyalle, ta zube sulallan a gaban akawu. Akawun ya ce wannan ai ko tarar wata ɗaya bai kai ba, kuma ba ita ake bi ba.

"Na sani, ɗan nan," ta ce. "Rubuta da sunansa, wata mai zuwa za mu dawo. Injin nawa ne ni kaɗai. Tsohon ma nawa ne."