Kotun da Ta Koma Zauren Biki

Bayan Inna ya ƙage, shara kuwa ba ta ƙare ba. Robobin lemo, ƙasusuwan kaji, duk barbaje a zauren da a da ko tari ka yi sai ɗan sanda ya harare ka. Tsohuwar kotun birni ke nan. Da aka rarraba shari'o'inta ga sababbin kotuna, wani attajiri ya karɓi ginin, ya lafta masa farin fenti, ya koma wurin biki.

A nan aka gurfanar da Autanta, lokacin da aka yi wa samarin layinsu kamun kan mai uwa da wabi bayan wata rigimar kasuwa. Alƙali ya ce a ajiye shi gidan yari sai an neme shi. Kotu ta tashi, ba wanda ya neme shi. Inna ta yi zarya har ta gaji, kowane ofishi ya tura ta gaba. Ƙarshe ta nemi aikin shara a ginin, don ita dai nan ta san an karɓe mata ɗa.

* * *

"Inna, ba mu da ikon kai shi ko'ina," in ji gandirobobin da ke ƙofar gidan yari ranar ziyara. "Kotun da ta aiko shi, ita za ta kira shi."

"Haba 'yan nan, kotun da ake rawa a cikinta?"

"To, sai haƙuri."

Aka fito da Auta. Yaron da ya shiga ba gemu, ga shi yau har da furfura. Zuciyarta ta karye.

"Inna, wai har yanzu alƙalinmu bai dawo daga hutun ba? Na shirya abin da zan faɗa masa tsaf."

"Yana hanya, Auta."

Ta kasa gaya masa gaskiya. Da wane bakin?

* * *

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil. Ango da amarya sun hakimce a kan dandamalin alƙali, mai lasifika yana kiran 'yan uwa su zo a ɗauki hoto, ɗaya bayan ɗaya, kowa da cikakken sunansa.

Inna ta dakata da tsintsiya a hannu. Ta san shirme ne, wallahi ta sani. Amma ba ta sake sunkuyawa ba sai da ta saurari sunayen har na ƙarshe, ko za a kira na Auta.